Ɗigo Biyu a Sandar Sitiyari

Karo na uku ke nan motar Mai Ƙwai tana shigowa garejin cikin kwana tara, kuma tun kafin ta sha kwana Baba Ɗigo Uku ya gane kukan injinta. Yana zaune a kan wani mataccen batir yana kurɓar shayi. Bai ɗago kai ba. Ya dai ajiye kofin a ƙasa a hankali, don shayin ya riga ya fita daga ransa.

Mai Ƙwai ta fito ta bar ƙofa a hangame. Gajeriyar mace ce mai jiki, wadda ko gaisuwa ba ta iya yi a hankali ba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan tana raba ƙwai shago-shago a cikin wannan motar. Ta zagaya gaba, ta nuna fitilar hagu da ta fashe, da wani dogon karce a jikin ƙofa.

"Baba, ina kwana. Ka ga aikinka? Ginshiƙin ƙofar gidana ne ya yi wannan. Ƙofar da nake shiga ido rufe! Kiret shida suka tafi, har yanzu bayan motar ƙarni yake yi."

"Lafiya lau, ƙanwata. Sannu. Ba ki dai ji ciwo ba ko?"

"Ciwon yana zuciya. Na ce maka motar nan tana ja hagu, ka ce ka gyara. Wallahi kamar ana kiranta ta can. Da na saki jiki kaɗan sai in ga tana neman barin layinta. Ni fa kafin ka taɓa sitiyarin nan lafiya muke zaune da ita."

Abin da ya kawo motar tun farko bai taka kara ya karya ba. Makulli ne ya karye a cikin gidansa, gidan makullin kuwa a jikin sandar sitiyari yake, dole sai an ciro sandar gaba ɗaya an kai ta kan tebur. Cirewa ba wuya, ko mai faci zai iya. Mayarwa ita ce aikin. Ƙasan sandar yana da haƙora zagaye da shi, ƙanana kamar na mataji, kuma yana shiga cikin wani ƙoƙo mai irin haƙoran, can ƙasa kusa da birki, inda hannu ke shiga da ƙyar. In ka kuskure haƙori ɗaya, mota za ta tafi sak amma sitiyari ya zauna a karkace. Baba ya fi shekara arba'in yana wannan aiki. Ya miƙar da tayoyi, ya ja zare daga na baya zuwa na gaba, ya ƙirga juyin sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama ya raba biyu, ya zura sanda ya ɗaure. Bayan kwana uku motar ta dawo, wai tana ja hagu. Ya sake kwancewa, ya sake aunawa, awo ya sake nuna masa inda ya sa ta tun farko, ya mayar da ita nan. Yau ga ta kuma, har da fasasshiyar fitila.

Manaja ya fito daga ofis. Babban ɗan Baba ne, shi ke riƙe da garejin yanzu. Uban ne ya laƙaba masa sunan don tsokana ranar da ya fara zuwa aiki da farar riga, sunan kuwa ya bi shi har matarsa ma da shi take kiransa. Ya dubi fitilar, ya dubi karcen, bai dubi ubansa ba.

"Mama, ki yi haƙuri. Fitila da fenti duk a wuyanmu. Ki bar mana ita zuwa la'asar."

Ta tafi tana mita, ana jiyo ta har bakin titi. Manaja ya jira sai da ma'aikata suka koma kan abin da suke yi, sannan ya ce, "Baba, ɗan zo mana." Suka zagaya bayan gareji, wurin gangunan baƙin mai.

"Ka san ba zan faɗa maka magana a gaban mutane ba."

"To faɗe ta a bayansu."

"Watan jiya sifana aka tarar a cikin injin motar malamin makarantar nan. Makon da ya wuce ka zuba man giya inda ba wurinsa ba, Allah ya sa mai wayarin ya gani. Yau ginshiƙi ne. Gobe in ɗan mutane ne fa, Baba?"

"Sandar nan daidai take."

"Ni ma na zagaya da motar ranar nan ban ji komai ba, amma layinmu duk ramuka ne, me mutum zai ji? Matar nan shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa kuka da sitiyari ba sai da ka taɓa shi. Ka bar ni in shiga in duba."

"Aikina ne. Ba a taɓa bin bayana da tocila ba, kuma ba yau za a fara ba."

Manaja ya shafa kai. Shi ma a gajiye yake, da gani ya daɗe yana juya maganar a ransa. "To shi ke nan. Zuwa la'asar. In ka nuna mini wani ƙarfe ne ya ci ko ya lanƙwashe, ba daga hannunka ba ne, na rantse ba zan sake ɗaga maganar nan ba. In kuwa daga ɗaurinka ne, don girman Allah ka hau kujerar nan. Ba korarka nake yi ba. Ka huta, ka riƙa ba mu shawara."

Kujerar nan kowa a garejin ya san ta. Baƙa ce mai taya, mai juyawa, Manaja ya saya wata biyar da suka wuce ya ajiye a ofis ƙarƙashin fanka, daidai tagar da ke kallon filin aiki. Har yau ledarta tana jiki. Baba bai taɓa ɗora ko hularsa a kai ba. Ya ce kujerar masu jiran a kawo musu labari ce.

Ba wai yana raina ɗan nasa ba. Makanike ne na gaske, kuma Baba da hannunsa ya miƙa masa makullan garejin. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ciwon baya ya kwantar da Baba mako guda cur, Manaja ya riƙe wurin shi kaɗai, ya fitar da mota bakwai, ko ɗaya ba ta dawo ba. Duk wanda ya yi wata guda a garejin ya ji wannan labari sau uku daga bakin Manaja, da adadin motocin da komai. Ma'aikata suna dariyarsa a ɓoye, amma kowa ya san da wannan makon yake tsayawa a gaban manyan makanikai kansa a sama.

Akwai kuma dokar garejin, wadda Baba ya kafa tun yana saurayi. Duk wanda ya ɗaure mahaɗa mai haƙora, sai ya ɗauki tsinken ƙarfe da guduma ya buga shaidarsa a ɓangarorin biyu, daura da juna, don na baya ya san inda zai mayar, ya kuma san wanda zai zaga in aikin bai yi ba. Shaidar Baba ɗigo uku ce, daga nan sunansa ya samo asali. Ta Manaja ɗigo biyu. Sai dai shekara guda ke nan Baba bai buga tasa ba. Yana cewa ai kowa ya san aikinsa. Gaskiyar kuwa ita ce sau biyu guduma tana sauka a babban yatsansa don bai ga kan tsinken ba. Ya je wurin likita ba tare da ya gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yansa, likita ya ce jijiyar idon ce take gajiya, ba irin wadda tabarau ke gyarawa ba. Baba ya yi godiya, ya linke takardar, ya dawo aiki. Ranar da ya fara cire sandar Mai Ƙwai ya haska ya duba, bai ga shaidar kowa ba, ya ɗauka ba a taɓa cire ta ba.

Shiga ƙarƙashin sitiyari ba aikin mai shekara sittin da takwas ba ne. Sai ka tura kujerar direba baya, ka kwanta rigingine, ƙugunka a kan ƙarfen bakin ƙofa, ƙafafu a waje, kai tsakanin birki da kuloci, tocila a baki. Wanda ya zana wurin nan da gani bai taɓa kwanciya a cikinsa ba, Allah ya saka wa makanikai. Baba ya shimfiɗa kwali, ya shiga da nishi. Ya bi kusoshi huɗun da ke riƙe sandar ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure tam. Ya gwada notin da ke matse ƙoƙon, ko gezau. Ya fito da rarrafe, ya sa aka ɗaga gaban motar da jak, ya kama kowace taya ya girgiza, ya bi tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyi, da hannu daga wannan kai zuwa wancan, ya juya tayoyin ya saurara ko birki yana kama ɗaya. Tunda yake bai taɓa roƙon Allah ya sa ya tarar da ƙarfe a lanƙwashe ba sai yau. Komai lafiya ƙalau, abin haushi.

Ya aika aka kira mai faci, abokinsa na shekara talatin, wanda rumfarsa ke jingine da katangar garejin. Ya zo da gejinsa yana jan ƙafa, ya auna tayoyi huɗun.

"Iska daidai take. Ranar nan ma ka sa na auna." Ya tsuguna kusa da Baba, ya rage murya. "Na ji an ce za a naɗa ka sarauta."

"Wa ya gaya maka?"

"Katangar nan ba ta da kauri. Kai ni da za a ba ni kujera mai juyawa da fanka, wallahi ko sallama ba zan yi wa tayoyin nan ba. Kai ana roƙonka ka huta kana wani cin magani."

"In na zauna, me zan yi da hannuwan nan?"

"Ka riƙe kofi da su. Mu da ba mu haifi Manaja ba mu ne abin tausayi."

Ya tafi yana dariya. Baba bai yi ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita. Ya san maza uku da suka ajiye sifana, cikin shekara guda duk suka koma tsofaffin da ake gaisarwa da ƙarfi ana tambayarsu ya jiki.

Aka sauke motar daga jak. Rana ta take, kwanon rufin garejin ya ɗauki zafi, abincin da aka aiko masa daga gida ya huce a kan tebur ko buɗewa bai yi ba. Ya sake jan zare. Ya sake ƙirga juyi, uku da rabi, ya raba biyu, sitiyari ya tsaya cak a tsakiya, tayoyi suna kallon gaba sak. Awon da ya yi ranar farko, shi ya yi ranar ta biyu, shi ne kuma yau. Ya rasa abin da zai ƙara dubawa. Bayansa yana sara, wuyansa ya ƙage, idanunsa suna yaji kamar an watsa musu yashi. Ya zauna a kujerar direba don kawai ya sami inda zai jingina, ya rufe ido, ya ɗora hannuwa a kan sitiyarin.

Sitiyarin yana da rigar fata da ta tsufa. Tafin hannunsa na hagu ya sauka a kan fata mai kaushi, amma ɗan sama kaɗan yatsunsa suka taɓa wani wuri mai santsi, wanda ya lotsa. Hannun dama shi ma a kan kaushi yake, santsin yana can ƙasa da shi. Nan ne Mai Ƙwai take riƙewa, hannunta ya cinye fatar a hankali cikin shekaru. Ya matsar da hannuwansa zuwa wuraren biyu, ido a rufe, sai ya ji kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga, ta dama ta sauka. Ba mai tuƙi haka. Ba tare da ya yi niyya ba ya juya sitiyarin har hannuwan suka daidaita, sai ya ji tayoyin gaba sun gurji siminti sun karkata hagu.

Ya buɗe ido.

Ashe motar ba ta ja ko'ina. Matar ce take jan ta. Shekara goma sha ɗaya sitiyarinta a karkace yake zama in mota tana tafiya sak, hannunta ya saba da haka. Da ya miƙar mata da shi, duk lokacin da ta saki jiki sai hannun ya koma gidansa, motar ta bi shi hagu.

Ya sake shiga ƙarƙashi, wannan karon ko nishin bai ji ba. Ya jiƙa tsumma da fetur, ya goge tsohon giris da tsatsa daga ƙasan sandar da bakin ƙoƙon, ya kafa tocila daf da ƙarfen. Haske ya cika wurin, amma shi bai ga komai ba sai wani fari-fari mai rawa. Ya murza ido ya sake dubawa, ya karkata kai hagu da dama, duk a banza. Ya ajiye tocilar a kan ƙirjinsa, ya bi ƙarfen da babban yatsa a hankali. A jikin sandar ya ji 'yan ramuka. A bakin ƙoƙon ma ya ji wasu, amma ba sa kallon na sandar. Ya sa farce ya ƙirga haƙoran da ke tsakaninsu, biyu. Sannan ya koma ya ƙirga ɗigon. Ɗaya, biyu. Ya nemi na uku har farcensa ya tsage, babu.

Sai makon da ciwon baya ya kwantar da shi ya dawo masa. Mijin Mai Ƙwai, Allah ya ji ƙansa, a lokacin ya sayi motar hannu, ya kawo a duba masa ita kafin ya ba matarsa ta koyi tuƙi, aka ce masa Baba yana kwance, ɗansa ne a gareji. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ce. Yaron ya ciro sandar, wurin mayarwa ya kuskure haƙori biyu, ya buga shaidarsa a kai da ƙarfin gwiwa, motar ta faɗa hannun wadda ba ta taɓa riƙe wani sitiyari ba, ta ɗauka haka Allah ya yi su. Shi ya sa ba ta dawo ba.

Farin ciki ne ya fara zuwar masa, ba sai an ɓoye ba. Ya yi dariya shi kaɗai a tsakanin birki da kuloci har tari ya sarƙe shi. Aikinsa daidai ne, sau biyu daidai! Abin da ya rage kawai ya kira Manaja, ya kira mai wayarin da sauran, ya miƙa masa tocila ya ce shiga ka ƙirga mana da ƙarfi. Kujera ta koma shagon da aka sayo ta.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya hango fuskar ɗan nasa yana fitowa daga ƙarƙashin motar a gaban ma'aikatansa, ya kuma san daga yau ba za a sake jin labarin mota bakwai ba sai a bakin masu tsokana. Wannan ya yi masa ciwo. Sai dai akwai abin da ya fi shi nauyi, yana nan a kan ƙirjinsa yana haska rufin motar. Tocilar sabon batir gare ta. Sau biyu ya riƙe sandar nan a hannu, ya kai ta kan tebur da rana tsaka, ya juya ta gaba da baya, ɗigon suna jiki bai gan su ba. Ko makahon da ke wucewa ta ƙofar gareji da sandarsa, da an miƙa masa ƙarfen, da haka zai nemo su. Ya tuna sifanar da ya bari a injin malami. Ya tuna abin da yaron ya ce a bayan ganguna, gobe in ɗan mutane ne fa. Gajiyar da ya yi shekara guda yana turewa ta sauko masa gaba ɗaya, har ya ji da za a bar shi da ya yi barci a nan.

Ya yi tunanin ko a zaunar da Mai Ƙwai a yi mata bayani, ta sake saba wa hannunta. Ya watsar. Hannun da ya yi shekara goma sha ɗaya a wuri ɗaya ba ya jin bayani, kuma karkatar ba ta taɓa cutar da kowa ba, miƙewar ce ta kai ta ga ginshiƙi.

Ya kwance notin ƙoƙon. Ya sassauta kusoshi huɗun, nauyin sandar ya sauko ya tokare shi da gwiwa, ya ja ta sama har haƙoran suka rabu. Ya juya ta kaɗan, yatsa ɗaya a kan ɗigon sanda, ɗaya a kan na ƙoƙo, ya tura. Ta ƙi shiga. Haka take, ranar da kake sauri ranar take tuna tana da zuciya. Ya ja baya, ya goge haƙoran, ya shafa musu mai, ya sake turawa, ta shiga rabi ta cije. Zufa tana shiga masa ido, wanda dama ba amfaninsa yake yi ba. A karo na biyar ya daina kallo kwata-kwata, ya rufe idon, ya bar yatsu su yi aikinsu. Ta zame ta zauna da ɗan ƙara. Ɗigo biyu suna kallon ɗigo biyu. Ya ɗaure noti, ya ɗaure kusoshi, ya gwada hon da sigina. Sannan ya lakato sabon giris da yawa ya shafe shaidar.

Da la'asar Mai Ƙwai ta dawo, fuska a ɗaure. Manaja ya fito, ma'aikata suka rage bugun guduma don kunne ya samu.

"An gano, Baba?" in ji Manaja.

"An gano. Daga ɗaurina ne. Haƙori biyu na kuskure." Ya juya wurin matar. "Ƙanwata, ki yafe ni. Tsufa ne."

Ita da ta zo da faɗa a baki sai ta rasa inda za ta sa shi. "Haba Baba, ai ba komai, kowa yana kuskure," ta ce, muryarta ta sauka yadda ba a taɓa ji ba. Manaja ya sunkuyar da kai. Ya ci nasara, amma ba alamar daɗi a fuskarsa. Ya ce zai raka ta su hau babban titi, ita ta tuƙa, don a tabbatar.

Da suka fita Baba ya tattara sifanunsa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a akwati. Ya je famfo ya wanke hannu da sabulu da yashi, ya daɗe yana cuɗawa, baƙin da ke cikin tsagar fatar bai fita ba, dama ba ya fita. Ya shiga ofis. Ya yage ledar kujerar, ya dunƙule ya jefa a kwando, ya zauna. Kujerar ta ɗan juya da shi ba da izininsa ba. Tana da laushi, ya ji haushin yadda bayansa ya yi mata maraba.

Bai daɗe ba ya jiyo kukan injin, sannan muryar Mai Ƙwai ta cika garejin. "Yauwa! Yanzu ta dawo hankalinta! Kamar a kan zare take tafiya. Ina Baba? Ku ce masa hannunsa yana nan!" Ta taga ba ya rarrabe fuskoki, amma farar rigar Manaja ba ta ɓuya. Ya ga ta tsaya a gefen motar ta daɗe. Mutum ba zai zauna kusa da direba a miƙaƙƙen titi ya kasa ganin sitiyari a karkace ba, in dai makanike ne. Ya ji yana cewa, "Mama, ba ni minti biyar." Sai farar rigar ta sauka ƙasa, ba ko kwali, ta shige ƙarƙashin sitiyarin. Minti biyar suka wuce, aka ƙara wasu.

Bayan motar ta tafi Manaja ya shigo ofis ya rufe ƙofa. Rigar ta tashi daga fara, yatsunsa duk giris.

"Baba, ɗigo biyu ne."

"Na sani."

"Nawa ne. Tun wancan makon da ka kwanta." Manaja ya dubi yatsunsa. "Aikinka daidai ne tun ranar farko. Ka tsaya a gaban mutane ka ce kai ne. Me ya sa? Tashi daga kujerar nan, don Allah. Yanzu zan fita in gaya musu."

"Ba inda za ka. Zauna." Manaja bai zauna ba. "Da me ka gan su?"

"Da tocila mana."

"Nan take?"

"Ina goge giris ɗin."

"To ni na haska tocilar nan har hannuna ya gaji, ban ga komai ba. Da wannan na gan su." Ya ɗaga babban yatsansa mai tsagaggen farce. "Shekara guda ke nan, likita ya gaya mini. Ko uwarka ba ta sani ba, kuma ni zan gaya mata, ba kai ba. Wannan motar na yi daidai. Ta gaba fa? Kai ka tambaye ni da safe, ban ba ka amsa ba."

Manaja ya juya ya kalli bango, ya goge fuska da hannun riga, ya bar baƙin layi daga kunci zuwa kunne. Baba ya zura hannu a aljihu ya ciro tsinken ƙarfensa, wanda ya yi shekara guda yana yawo da shi ba aiki, ya ajiye a kan tebur.

"Naka ya dakushe, na ji a ramukan. Riƙe wannan. Kuma labarin nan naka, ka ci gaba da cewa bakwai, ai ba ƙarya ka yi ba, ba ta dawo ba sai da na taɓa ta."

A waje wani ya tayar da inji, Baba ya karkata kunne ya saurara, ya ji fulogi ɗaya ba ya ci, ya buɗe baki zai ƙwala kira sai ya fasa. Ya laluba ƙarƙashin kujerar da hannu, bai sami abin da yake nema ba.

"Kai Manaja," ya ce, "zo nuna mini inda ake dannawa ta sauka. Ƙafata ba ta kai ƙasa."